Maigida yana da hawan jini: yaya za a rage gishiri ba tare da miya ta yi lami ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da likita ya tabbatar wa maigidana cewa yana da hawan jini, ya ɗora shi a kan magani, ya kuma ce a rage masa gishiri. Tun daga ranar nake raba tukunya, ina yi masa tasa miyar daban, ba na sa gishiri ko kaɗan sai dunƙule. Duk da haka yana cewa lami take, sau da yawa sai ya ture kwanon ya aika yaro ya sayo masa tsire. Mu tara ne a gidan har da yara. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba maigida lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya, domin ɗora tukunya biyu kullum har tsawon wata biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai 'yar'uwa, shawarar farko da zan ba ki ita ce ki sauke tukunya ta biyun nan, kuma zan bayyana miki dalili da lissafi, don kada ki ɗauka ra'ayina ne kawai.

Abin da ke tayar da jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, wanda shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin gishirin girki. Idan ya yi yawa a jiki yana riƙe ruwa, jinin da ke yawo a jijiyoyi ya ƙaru, ƙoda ta shiga aikin fitar da rarar, zuciya kuma ta riƙa turawa da ƙarfin da ya wuce kima. Shekara da shekaru a kan haka su ne ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, ko kumburin zuciya, ko lalacewar ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato miligiram 2,000 na sodiyam, kuma wannan bai wuce cokalin shayi ɗaya a shafe ba, wanda ba a yi masa tozo ba. Adadin ya haɗa da duk abin da ya shiga baki daga karin kumallo zuwa tuwon dare, ba abin da aka barbaɗa a miya kaɗai ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa matsakaicin abin da babban mutum ke ci a duniya ya fi ninki biyu na wannan, kuma likitoci sun daɗe da lura cewa gishiri ya fi saurin tayar da jinin baƙar fata.

To ga inda matsalarki take. Dunƙulen da muke kira magi, ko wane kamfani ne ya yi shi, kusan rabinsa gishiri ne. Ƙaramin dunƙule yana da nauyin giram 4 ko kusa da haka, ke nan kowane ɗaya yana ɗauke da gishiri kimanin giram 2. A ce a tukunyar gida kina sa dunƙule shida da babban cokali guda na gishiri: giram 12 daga dunƙule, kimanin 15 daga gishiri, jimla 27, idan aka raba wa mutum tara kowa ya tashi da giram 3. A ƙaramar tukunyar maigida kuwa, da yake kin cire gishiri kina neman abin da zai maye gurbinsa, na tabbata ba kya sa ƙasa da dunƙule biyu ko uku, kuma shi kaɗai zai shanye miyar. Giram 4 zuwa 6 ke nan a zama ɗaya. Sai ya kasance tukunyar da aka ware don a kare shi ta fi ta sauran gida sodiyam, sannan idan ya ture ta ya ci tsire, wanda aka shafe da ƙuli mai gishiri da dunƙule, aka kuma haɗo shi da ƙullin yaji mai wani gishirin da wani dunƙulen, an gudu ne ba a tsira ba. Na sha ganin wannan kuskure a wurin matan da ke rako mazajensu asibiti, kuma ba sakaci ke jawo shi ba. Ana ce musu a rage gishiri ne ba a gaya musu a ina gishirin yake ɓoye ba.

Akwai kuma abin da ya shafi zuciyar mutum. Magidancin da ya saba a kawo masa tuwo daga tukunyar da kowa ya ci, rana ɗaya ya ga an ware masa kwano kamar wanda ke kwance a gadon asibiti, da wuya ya jure, ko da miyar ta yi daɗi. Ga shi kuma ƙamshin ta sauran gida yana dukan hancinsa. Yaran ma ba su da buƙatar wannan gishirin, domin abin da ya dace da su bai kai na manya ba, hawan jini yana bin dangi, kuma harshen da aka sabar wa gishiri tun yana ƙarami da shi zai girma. Saboda haka tukunya ɗaya za a yi, a rage wa kowa da kowa.

Ba a rana ɗaya ake ragewa ba. Harshe yana sabawa, amma yana ɗaukar makonni, galibi daga wata ɗaya zuwa uku, kafin mutum ya daina jin abinci salam, har ya kai ga idan ya ci na waje ya ji gishirin ya yi masa yawa. Ki fara da auna abin da kike sawa yanzu, da cokali, ba da yatsu ba, domin hannun da ya saba girki yana ɗiba fiye da yadda mai shi ke zato. Sai ki cire kashi ɗaya cikin huɗu, ki zauna a kai mako biyu, sannan ki sake cirewa. Dunƙule shida su koma biyar, su koma huɗu, har a sauka zuwa biyu ko ɗaya a babbar tukunya. Ragi irin wannan yawancin mutanen gida ba sa ma lura da shi. Wata dabara mai sauƙi ita ce ki samu ƙaramin gwangwani, kowace safiya ki auna gishirin yinin gaba ɗaya ki zuba a ciki, abin nufi a ƙarshe shi ne rabin cokalin shayi ga kowane babba, idan ya ƙare to ya ƙare. Na ce rabi ne saboda sauran rabin zai shigo ta burodi da ƙosai da abubuwan da ba ke kika dafa ba. Ruwan shinkafa da na taliya da na doya ba sa buƙatar gishiri tunda da mahaɗi za a ci su, kamar yadda ba wanda ke sa wa tuwo gishiri kuma ba wanda ya taɓa kuka da shi. A miya kuwa ki bari sai dab da saukewa ki sa, don idan kika sa da wuri kika ɗanɗana tana da ruwa, lokacin da za ta kama jikinta ya riga ya yi yawa. Kwalbar gishiri kuma ta daina hawa faranti.

Yanzu bari in zo kan kanwa, wadda ban ga kin ambata ba, kuma kusan ba wanda ke ambatarta. Sunan da ake kiranta da shi a Turanci, wato potash, yana sa har wasu masu ilimi su zaci fotasiyam ce, wani sinadari daban da sodiyam, alhali kanwar da ake haƙowa a yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga, ja ce ko ungurnu, mafi yawanta sodiyam ce. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, shi ya sa ba a lissafa ta, amma sodiyam ɗin da ke cikinta ƙari ne a kan na gishiri. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Bincike na baya ya nuna akwai wasu dalilan da ke taimakawa, amma batun nauyin sodiyam ɗin da ke cikin kanwa yana nan. Ban da wannan, kanwa tana kashe wasu bitamin, musamman bitamin C da B1, a cikin ganye da wake.

Kusan duk aikin da kanwa ke yi a madafa akwai wata hanyar yin sa. Wake idan aka jiƙa shi tun dare aka zubar da ruwan, zai nuna da wuri ba tare da ita ba, kuma ya rage kumburin ciki. Ɗanyar kuɓewa idan aka goga ta da laushi, aka zuba ta a ƙarshe, aka kaɗa ba a rufe tukunya ba, ba a kuma cika mata tumatir ba, yauƙinta ya isa. Kuka ba ta buƙatar kanwa sam, maburgi take so. Tsamin tumatir kuwa haƙuri ke kashe shi: a dafa markaɗen har ruwansa ya tsotse, a soya shi da albasa mai yawa a wuta kaɗan-kaɗan, idan akwai kabewa ko karas a haɗa. Yakuwa da rama a tafasa su a tsiyaye ruwan farko, gyaɗar da za a zuba ta ƙarasa sauran. Inda na san abin yana da wuya shi ne ɗanwake, don ba ya haɗuwa yadda ake so idan babu ita ko kaɗan. Nan sai a rage ta iyakar yadda zai yiwu, a rage yawan yin sa, a kuma tuna cewa rabin illar ɗanwake a yajin da ake barbaɗa masa take.

Haka abin yake a toye-toye da gashe-gashe. Hodar da ake sa wa ƙulli ko kwaɓi ya tashi, bekin soda da bekin foda, danginsu ɗaya da kanwa. Cokalin shayi ɗaya na bekin soda yana ɗauke da sodiyam fiye da miligiram 1,200, daidai da giram 3 na gishiri. Waina da sinasir idan aka sa musu yis aka kula kada ƙullin ya wuce lokaci ya yi tsami sosai, ba sai an nemi kanwa mai yawa ta gyara su ba. Idan kina gasa burodi a gida, abin da masu gidan burodi suka saba shi ne kimanin giram 20 na gishiri a kilo ɗaya na fulawa, kuma za ki iya sauka zuwa 12 ko 15 burodin bai lalace ba, sai dai ki sa ido don kwaɓin zai fi saurin tashi, tunda gishiri ne ke rage wa yis gudu.

Sai babbar tambayar, wato da me za a cike gurbin. A nan ina so ki koma ga abin da kakanninmu suka yi girki da shi kafin dunƙule ya shigo kasuwa, kuma ba wanda ya ce miyarsu lami ce. Daddawa ce. Kalwar ɗorawa ake dafawa a cire mata ɓawo, a rufe ta kwana biyu ko uku, ƙwayoyin halitta masu amfani su narkar da furotin ɗin da ke cikinta, daga nan sinadarin gulutamet ya fito. Wannan sinadarin shi ne ainihin garɗin da harshe ke nema a cikin dunƙule, kamfani ya haɗa shi da gishiri ne ya matse. Daddawa tana ba da garɗin, ta ƙara da furotin, kuma idan ba a zuba mata gishiri don ajiya ba sodiyam ɗinta kaɗan ne. Saboda haka ki ɗanɗana kafin ki saya, ko ki tambayi mai yin ta. Daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, ita ma tana aiki, haka ta waken suya. Masu cewa warinta ya dame su, yawanci ɗanya suke jefawa a miya a makare. A ɗan gasa ta ko a soya ta sama-sama a cikin mai, a daka ta tare da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, a zuba tun farkon dahuwa, warin zai tafi ya bar ƙamshi.

Zan faɗi wani abu da na san zai ba wasu mamaki. Farin magi, wanda mutane suka fi tsoro, gulutamet ne haɗe da sodiyam, kuma sodiyam ɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke cikin gishiri. Bincike bai tabbatar da cewa ɗan abin da ake sawa a girki yana cutarwa ba. Ba ina cewa ki rungume shi ba ne, daddawa ta fi shi ta kowace fuska, amma ga mai hawan jini, ɗan tsunkule na farin magi a tukunyar da aka rage wa gishiri ya fi sauƙi a kan dunƙule uku.

Bayan daddawa, albasa ce abokiyar tafiya. Wadda aka soya a hankali har ta yi ja-ja tana ba miya zaƙi da kauri da ba a samu daga wadda aka jefa ɗanya. Ƙashi ma kada a raina shi, domin romon da aka dafa da ƙashi da kimba da citta na awa biyu yana ɗaukar tukunya guda. Banda da busasshen kifi suna ƙara garɗi sosai, sai dai a jiƙa su a ruwan zafi a wanke, saboda wasu da gishiri ake busar da su. Ɗoɗɗoya da gyaɗar ƙamshi da attaruhu kowanne yana da wurinsa. Tsami kuma yana farkar da harshe kusan yadda gishiri ke yi, shi ya sa matsa lemon tsami a kan kifi, ko dambu, ko kwaɗon zogale, ke sa mutum ya manta bai ji gishiri ba, tsamiya ma haka take yi a wasu girke-girken.

Game da tsire, kada ki yi yaƙi da shi, ki dawo da shi gida. Ki daka yajinki da ƙuli-ƙuli marar gishiri, da barkono, citta, masoro, kanumfari da busasshiyar tafarnuwa, ki shafa wa jan nama marar kitse ko kaza, ki gasa a kan gawayi, ki yanka masa albasa da tumatir da kabeji masu yawa. Wannan yajin shi ne kuma zai zauna a gida don shinkafa da wake da ɗanwake. Kilishi, da kifin gwangwani, da taliyar leda mai zuwa da ƙullin sinadari, waɗannan su zama na jefi-jefi, ita taliyar ma idan yara za su ci a sa rabin ƙullin.

Mata da yawa idan suka ji an ce gishiri yana da illa sai su koma balma ko manda, suna ganin na gargajiya ne ba ya cutarwa. Sodiyam ɗin dai shi ne, kuma an yi asarar aidin, wanda aka wajabta sa shi a gishirin Najeriya tun 1993 don kare mutane daga maƙoƙo da kare ƙwaƙwalwar jarirai. Ɗan kaɗan ɗin da za ki yi amfani da shi ya zama mai aidin. Akwai kuma gishirin da aka maye wani ɓangarensa da fotasiyam, ana samunsa a manyan kantuna. An gwada irinsa a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin a kan mutum kusan 21,000, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Yana da amfani ƙwarai, amma kada ki saya sai likita ya duba ƙodar maigida ya kuma duba maganinsa, domin mai ciwon ƙoda, ko mai shan irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, fotasiyam na iya taruwa a jininsa har ya taɓa bugun zuciya.

Hanyar da ta fi aminci ta samun fotasiyam, ga wanda ƙodarsa lafiya lau, ita ce abinci, kuma fotasiyam yana taimaka wa jiki ya fitar da sodiyam. Wake, alayyafo, zogale, kabewa, dankalin Hausa, ayaba, gwanda, kankana da lemon zaƙi duk suna da shi, kuma ba ɗaya da sai an je kanti. Miyar taushe mai ganye da yawa, da fate mai yakuwa da alayyafo, sun fi jar miya mai iyo da mai dacewa da shi. Zoɓo ma gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan saukar da jini, muddin ba a cika shi da sukari da garin ɗanɗano na leda ba, sai dai ɗan taimako ne, ba ya zama madadin ƙwaya, kuma a sanar da likita idan za a riƙa sha kullum.

Na san za a ce miki ƙasarmu da zafi, ana gumi, jiki yana buƙatar gishiri. Jikin da ya saba da zafi yana rage gishirin da ke fita a gumi da kansa, kuma ga mai zaman ofis ko shago abin da ke cikin abinci ya ishe shi har da rara. Manomi ko lebura da ke yini a rana a watan Afrilu lamarinsa daban ne, ya kamata ya gaya wa likitansa irin aikin da yake yi. Haka kuma idan gudawa ko amai ya kama wani a gidan, har da maigida, ba a hana shi ruwan gishiri da sukari da sunan hawan jini, a ba shi a kuma kai shi asibiti.

Idan da hali ku sayi na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ya riƙa aunawa da safe kafin ya sha magani da kuma da dare, yana zaune ya huta minti biyar, ki rubuta a littafi da kwanan wata, tare da adadin dunƙulen da kike sawa a wannan makon. Rage gishiri yana ƙara wa maganin hawan jini ƙarfi, saboda haka idan bayan wasu makonni ya fara jin jiri in ya miƙe tsaye, kada ya ajiye ƙwayar da kansa, ku ɗauki littafin ku koma wurin likita, shi zai duba ko lokacin rage masa magani ya yi.